Taron ƙanjamau na Accra da labarin da bai iso zaurukan Guider ba

Daga ranar 3 zuwa 8 ga watan Disamban 2025, dubban likitoci da masu bincike da wakilan masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau sun haɗu a Accra, babban birnin Ghana, domin taron ICASA, wato babban taron nahiyar Afirka a kan sida da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. A nan Guider, kai har Garwa, da wuya ka samu wanda ya ji labarinsa in ba ma'aikacin asibiti ba. Bayan zaɓen 12 ga Oktoban 2025 hira ta koma ta siyasa, a majalisa da tasha da bakin masallaci, abin da ya saura kuma ta kuɗin auduga ce da na makarantar yara. Ban ga laifin kowa ba. Sai dai cuta ba ta jiran a gama gardamar ƙuri'a, kuma abin da ake faɗa a irin waɗannan tarukan yana shafar ɗakunan aurenmu fiye da yadda muke zato.

Magana ɗaya nake so mu tsaya a kanta. Shekaru ke nan da likitoci suka tabbatar da cewa wanda ke ɗauke da ƙwayar cutar, idan yana shan maganinsa kullum har ƙwayar ta yi ƙasa a jininsa yadda na'ura ba ta iya ganin ta, ba ya sa wa abokin aurensa ta hanyar saduwa. A wurin masu zuwa taro wannan tsohon labari ne. A zaurukanmu kuwa, da Hausa ko da Fillanci, yawancin mutane ba su taɓa jin sa ba. Rashin jin nasa ne ke sa magidanci ya ƙi gwaji, mace ta ɓoye kwalbar magani a bayan buhun gero, a fasa auren da bai kamata a fasa ba, a kuma ɗaura wanda ya kamata a ɗan dakata da shi.

Tarukan nan ba baƙi ba ne a Kamaru

Wasu kan ce taron likitoci ba komai ba ne illa otal da alawus. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, don kuɗin jirgi da masaukin mutum ɗaya zai sayi kayan gwaji masu yawa. Amma bari mu duba abin da ya fito daga cikinsu. ICASA duk shekara biyu ake yin sa yanzu, kuma Yawunde ta karɓi baƙuncinsa tun a 1992, zamanin da kamuwa da cutar ke nufin a fara neman likkafani. Akwai taron INTEREST da ake yi duk shekara a wata ƙasar Afirka: na 2016 a Yawunde aka yi shi, na 2024 a Kwatano, na 2025 a Windhoek ta Namibiya. Sai kuma AFRAVIH, taron ƙasashe masu aiki da Faransanci a kan sida da ciwon hanta da lafiyar saduwa, wanda aka yi a Yawunde daga 16 zuwa 19 ga Afrilun 2024.

Ƙwayar maganin da mara lafiya ke karɓa yau a asibitin Guider, guda ɗaya tak a yini, ta bi ta waɗannan ɗakunan taron kafin ta iso hannunsa. Wani bincike mai suna NAMSAL, da aka yi a asibitoci uku na Yawunde a kan mutum fiye da 600, ya kwatanta maganin dolutegrabir da efabirenz, kuma sakamakonsa yana cikin hujjojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba a 2019 lokacin da ta ce dolutegrabir ne zaɓi na farko ga kowa. Kun ga ashe da jinin 'yan Kamaru aka auna maganin da miliyoyin mutane ke sha a duniya.

Matsalar tana ga hanyar da ilmin ke bi. Daga Yawunde zuwa Guider ya fi kilomita dubu. Kwalin magani yana yin wannan tafiyar, ko da wani lokaci ya makara. Bayanin da ya kamata ya rako shi kuwa yakan tsaya a Faransanci da Turanci, cikin takardun ofis. Ma'aikacin jinyar da layi ya cika masa ƙofa tun safe ba shi da minti goma na zama da kowace mace ya warware mata zancen da harshen da take ji.

Alƙalumanmu ƙanana ne, amma kada su ruɗe mu

Ƙidayar lafiyar al'umma da ake yi gida-gida a Kamaru ta nuna cewa a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, masu ɗauke da ƙwayar sun kai kashi 5.5 cikin ɗari a 2004, suka sauko 4.3 a 2011, sannan 2.7 a 2018. An samu ci gaba, Alhamdu lillahi. A ƙidayar 2018 ɗin, yankin Kudu na da kashi 5.8, Gabas 5.6, Adamawa 4.1, yankinmu na Arewa 1.7, Arewa Mai Nisa kuma 1.1. Mata sun kusa ninka maza: 3.4 a kan 1.9.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauki waɗannan lambobin a matsayin shaidar cewa cutar ta mutanen kudu ce, mu addini da kaciya sun tsare mu. Gaskiya ne kaciya tana rage wa namiji haɗarin kamuwa da kusan kashi 60 cikin ɗari, gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda sun nuna haka. To amma saura kashi 40 fa? Kuma namijin da ya riga ya kamu, kaciyarsa ba ta tsare matarsa. Sannan kashi 1.7 yana nufin a cikin kowane mutum dubu, 17 na ɗauke da ita. Masallacin Juma'a ɗaya ya ishe mu lissafi.

Mu kuma tuna inda muke zaune. Manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngawundare zuwa Kuseri da Njamena ta Garwa da Figuil suke bi. 'Yan kasuwarmu suna Mubi yau, jibi suna Duwala. Adamawa mai kashi 4.1 maƙwabciyarmu ce, muna aurayya da ita. Binciken CAMPHIA na 2017 zuwa 2018 ya ƙiyasta cewa manya kusan dubu 500 ne ke ɗauke da ƙwayar a ƙasar, kuma a lokacin kusan rabinsu ba su sani ba. Wanda bai sani ba shi ne ke yaɗawa, ba da mugunta ba.

Yanayin aurenmu ma yana da nasa lissafin. Muna yawan saki, muna yawan sake aure, muna kuma zama da mace fiye da ɗaya. Duk halal ne. Amma a gida mai mata uku, ƙwayar da ta shigo ta mutum ɗaya tana da ɗakuna uku a gabanta, da jariran da za a haifa a cikinsu. Ƙidayar ta nuna cutar ta fi yawa ƙwarai a tsakanin zawarawa, waɗanda aka saka da waɗanda mazajensu suka rasu. Kada wani ya ji haka ya ɗora musu laifi. Da yawansu a ɗakin aure suka same ta, daga mijin da ya yi doguwar jinya aka ce sammu ne ko taifot, ya rasu ba a taɓa ɗibar jininsa ba.

Abin da aka gano, a taƙaice

A 2011 aka bayyana sakamakon binciken HPTN 052, wanda ya bi ma'aurata 1,763 a ƙasashe tara, ciki har da Malawi da Zimbabuwe da Kenya, inda ɗaya ke da ƙwayar ɗaya ba shi da ita. Fara magani da wuri ya rage kamuwar abokin zama da kashi 96 cikin ɗari. Da aka ci gaba da bin su shekaru, ba a samu wanda ya ɗauka daga abokin zamansa ba a lokacin da magani ya danne ƙwayar. Wani binciken a Turai, PARTNER, ya ƙirga saduwa kusan dubu 58 ba tare da kwaroron roba ba, bai samu ko mutum ɗaya da ya kamu daga abokin zaman da ƙwayarsa ta kwanta ba.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne ta hanyar hayayyafa a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki. Maganin yana toshe mata hanyar hayayyafar. Bayan kamar wata shida ana sha ba fashi, yawanta a jini yakan faɗi ƙasa sosai, haka ma a maniyyi da ruwan jikin mace. Akwai gwajin da ke auna wannan, ma'aikatan asibitinmu na kiran sa charge virale. Idan ya nuna ƙasa da ƙwaya 200 a kowace mililita ta jini, kuma aka ci gaba da shan magani, ba a ɗaukar cutar daga mutumin ta hanyar saduwa.

Akwai sharuɗɗa, kuma dole a faɗe su tare da albishir ɗin. Wannan ba warkewa ba ce: ƙwayar tana nan a laɓe, idan aka bar magani takan dawo cikin 'yan makonni. Dole a riƙa maimaita awon. Maganin ba ya tsare mutum daga ciwon sanyi ko tunjere. Ga mai ciki kuwa, idan ba magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari ne ke kamuwa a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Da magani adadin yakan sauko ƙasa da 5. Saura kaɗan, amma bai zama sifili ba, shi ya sa ake ba jariri nasa maganin, a kuma gwada shi.

Kuɗi ma ba shi ne babban shingen ba kamar da. Tun watan Mayun 2007 maganin kyauta ne a Kamaru. Daga 1 ga Janairun 2020 gwamnati ta soke kuɗin gwaji da na ganin likita da na awon yawan ƙwayar ga masu cutar a asibitocinta. Mai ciki a yankunanmu uku na arewa tana iya yankar takardar chèque santé a kan sefa dubu 6, ta samu awon ciki da haihuwa. Duk da haka hukumar ONUSIDA ta ce a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, yaran da ke ɗauke da ƙwayar kuma suke samun magani ba su kai 4 cikin 10 ba. Wa ya hana su? Sau da yawa uwa ce ta san sakamakonta a wajen awo, ta kasa faɗa wa miji don tsoron takardar saki, ta haihu a gida, ba ta sake komawa ba.

A nan ne labarin ke da nauyi. Magidanci mai lissafi ne. Idan a tunaninsa gwaji ba zai kawo masa komai ba sai kunya da jiran mutuwa, don me zai je? Amma idan ya san cewa ƙwaya ɗaya a yini za ta bar shi ya yi nomansa, ya tsare matansa, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu, ya ga aurensu, to lissafin ya sauya. Ko azumi ba ya hana sha, tunda sau ɗaya ne a yini, likita zai iya mayar wa mutum da lokacinsa bayan buɗa baki. Wanda kuma aka ce masa ya warke da rubutu ko saiwa ya ajiye kwalba, an cuce shi. A yi addu'a, a sha magani. Malamanmu ba su taɓa cewa ɗaya na kore ɗaya ba.

Gwajin aure: takarda kaɗai ba ta isa ba

'Yan'uwanmu na Kano sun riga mu nisa a wannan fage. Tun auren zawarawan da Hisbah ta fara shiryawa a 2012 ake gwada angwaye da amare. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere da sikila kafin a ɗaura aure. Mu a nan ba mu da irin wannan dokar, amma iyaye da wasu limamai sun fara cewa a kawo takardar asibiti. Ina goyon bayan haka ɗari bisa ɗari. Haɗa ciwon hanta a ciki ma ya fi dacewa da mu, domin binciken ƙasa ya nuna nau'in B ya fi yawa a arewacin Kamaru fiye da kudu, ga shi yana bin aska da reza da haihuwa.

Sai dai gwajin da ba a haɗa shi da ilmi ba yana iya zama wuƙa. Abu uku nake gani.

Na farko, lokaci. Gwajin gaggawa na ɗigon jini yana iya kasa ganin ƙwayar da ta shiga jiki kwanan nan, wani lokaci har zuwa wata uku. Takardar da aka karɓo ana gobe ɗaurin aure ba ta ba da cikakken tabbaci. Ya fi a yi gwajin farko tun lokacin sa rana, a maimaita dab da biki.

Na biyu, wa ke ganin sakamakon? Na san wani aure da aka fasa a unguwarmu bayan waliyyi ya buɗe takarda a gaban 'yan rakiya. Kafin la'asar labari ya gama gari. Yarinyar, wadda bazawara ce mai ɗa ɗaya, ta daina zuwa karɓar magani don kada a gan ta a layi, daga baya aka kai ta ƙauye wurin dangin uwa. Wa wannan tonon asirin ya tsare? Ba kowa. Sai ma ya koya wa duk wanda ya ji cewa ya guji gwaji, ko ya nemi takardar jabu. Sakamako na mutum biyu ne da ma'aikacin lafiya. Su shiga tare, a yi musu bayani tare. Abin da liman ke buƙatar sani shi ne sun je, sun ji, sun yarda. Dokar ƙasa ta hana ma'aikacin lafiya fallasa sirrin mara lafiya, addini kuma ya riga doka yin umarni da rufin asiri.

Na uku, bayan sakamako sai me? A yau yawancinmu amsa ɗaya muka sani: a fasa. Wanda ya ji ba zai iya ba, haƙƙinsa ne ya janye, ba a tilasta wa kowa aure. Ɓoye wa abokin aure cutar kuma ha'inci ne, ba mai kare shi. Amma akwai hanya ta uku da likitoci suka sani: a ɗaga biki, mai ƙwayar ya fara magani, bayan wata shida a auna, idan ta kwanta, mutum biyu da suka san gaskiya kuma suke son juna su yi aurensu. Sannan gwajin kada ya tsaya a kan amarya. Mai ƙara aure ya gwada kansa, don uwargida ma tana da haƙƙi a kan abin da za a shigo mata da shi.

Allurar wata shida da aljihun da ya tsuke

Abin da ya fi ɗaukar hankali a lokacin taron Accra abu biyu ne: sabuwar allura da ƙarancin kuɗi.

Allurar ita ce lenakapabir ta kamfanin Gilead, wadda ake yi wa wanda ba shi da cutar sau biyu a shekara don kada ya kamu. A gwajin da aka yi wa 'yan mata da matasan mata fiye da dubu 5 a Afirka ta Kudu da Uganda, cikin fiye da dubu 2 da aka yi wa allurar ba a samu ko ɗaya da ta kamu ba lokacin da aka bayyana sakamakon a 2024. Amurka ta amince da ita a watan Yunin 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar amfani da ita a taron Kigali na watan Yuli. Farashinta a Amurka dalar Amurka 28,218 ne a shekara, wato kusan sefa miliyan 16. A watan Satumba aka sanar da yarjejeniyar da za ta ba kamfanonin Indiya damar sayar da ita a kan dalar Amurka 40 a shekara, wajen sefa dubu 23, a ƙasashe 120 daga 2027.

Na san abin da wasu za su ce idan ta iso: lasisin zina ne. Kafin mu yanke hukunci, mu tambayi kanmu wa ta fi yi wa amfani a garinmu. Matar da mijinta ke da ƙwayar amma ya ƙi shan magani. Matar da mijinta ke wata biyu a hanya, ba ta da bakin cewa ya je gwaji. ONUSIDA ta ce a 2024, duk mako 'yan mata da matasan mata kusan dubu 4 ne ke kamuwa a duniya, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara. A garuruwa irin namu, mace mai shekara 20 galibi tana ɗakin mijinta ne. Wa'azi a kan kame kai yana nan daram, ba abin da ya soke shi. Amma matar da ta kame kanta, cutar ta same ta a kan gadon aurenta, wa'azin bai tsare ta ba.

Batun kuɗi kuwa ya fi tayar da hankali. A ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, abin da ya girgiza shirin PEPFAR da George Bush ya kafa a 2003. A watan Yuli aka rufe hukumar USAID. A 2024 mutum miliyan 40.8 ne ke ɗauke da ƙwayar a duniya, miliyan 31.6 na shan magani, dubu 630 suka rasu. ONUSIDA ta yi gargaɗin cewa idan tallafin Amurka ya tsaya baki ɗaya ba a maye gurbinsa ba, za a iya samun ƙarin mutum miliyan 6 da za su kamu da miliyan 4 da za su mutu nan da 2029. Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda Kamaru ta dogara da shi ƙwarai wajen sayen magani, ya nemi dalar Amurka biliyan 18, amma alƙawuran da aka yi a Johannesbag a watan Nuwamban 2025 biliyan 11 ne da 'yan kai.

Idan kuɗi ya ragu, ba ƙwayar magani ake fara yankewa ba. Ana fara yanke ma'aikatan sa kai masu bin mutane gida idan sun daina zuwa, da mai ɗaukar jini a babur zuwa ɗakin awo, da mai zama ya yi bayani. Wato daidai mutanen da ke fassara ilmin taro zuwa harshenmu. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Namu kasafin ya daɗe bai kai rabin haka ba. Wannan tambaya ce da ya kamata mu riƙa yi wa 'yan majalisarmu na Mayo-Louti duk lokacin da suka zo neman ƙuri'a.

Shakkun jama'a yana da tarihi

Ba daidai ba ne a ce duk mai shakkar maganin Turawa jahili ne. A Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200, aka yi shekaru ana shari'a. Tabon da abin ya bari yana cikin dalilan ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, wanda ya jawo cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. A nan gida ma, a watan Fabrairun 2005 gwamnati ta dakatar da gwajin maganin rigakafin ƙanjamau na tenofobir da ake yi wa mata 400 a Duwala, kuma cikin ƙorafin da 'yan fafutuka suka yi har da cewa an ba matan bayani da Turanci alhali yawancinsu Faransanci suke ji.

Ku duba darasin. Tenofobir ɗin nan daga baya an tabbatar yana aiki, yau ma yana cikin ƙwayar da ake sha kullum. Rashin bayani da harshen mutane ne ya rusa amana. Idan matan Duwala sun koka a kan Turanci, ina ga tsohuwar Mayo-Oulo da ba ta jin Turancin ba ta jin Faransancin? Idan lenakapabir ta iso ba a riga an yi mana bayaninta ba, saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa ya mayar da ita allurar hana haihuwa.

Aikin da ya rage namu ne

Wasu al'ummun Musulmi sun yi abin da nake kira gare shi. A Uganda, ƙungiyar likitoci Musulmi ta fara horar da limamai tun 1992, suna bi gida-gida da mataimakansu suna bayani. A Senegal malaman addini sun yi babban taro a kan sida a 1995, huɗubobi suka ɗauka, kuma ƙasar ta kasance cikin masu ƙarancin cutar a nahiyar. Ba wanda ya ce su bar addininsu. Likita ya kawo ilminsa, malam ya kawo harshe da amanar jama'a.

A Guider ma za a iya, ba sai an jira kuɗin Amurka ba. Fadar Lamiɗo da limaman Juma'a su gayyaci likitocin gari zama na yini ɗaya, a fitar da bayani na shafi guda da Hausa da Fillanci da Gidar da Fali da Daba, a karanta a masallaci da coci da rediyo, a naɗe shi a murya a tura ta wayoyi. Limamai su amince da tsari ɗaya na gwajin aure mai rufin asiri. Malamai mata na islamiyya, waɗanda matan aure suka fi sakin jiki da su, su san amsar tambayoyin awon ciki da shayarwa. Wanzamai su riƙe sabuwar reza ga kowane kai da kowace kaciya. Maza su raka matansu awon farko, su miƙa nasu hannun a ɗebi jini, kada a bar mace ita kaɗai da nauyin labari.

Mu malaman makaranta ma muna da namu kason. Tun 2007 aka sa darasin zaman iyali da sida a manhajar makarantu, kuma an koya mana shi a makarantar horon malamai. Abin da yaro ke fita da shi galibi shi ne ma'anar haruffan VIH da jimlar cewa cutar ba ta da magani, ya haddace don jarrabawa. A cikin ajin nan kuwa akwai yiwuwar wani yaron da ita aka haife shi, yana shan ƙwayarsa kowane dare, yana jin malaminsa na cewa mutuwa ce. Ya kamata mu ƙarasa masa jimlar: ba a warkewa, amma akwai maganin da ke sa mutum ya girma, ya yi aure, ya haihu, ya tsufa.

Masu zuwa irin waɗannan tarukan kan dawo da rahotanni da hotuna. Roƙona ga wakilan Kamaru, musamman 'yan arewa a cikinsu, shi ne kowa ya ware yini ɗaya bayan dawowarsa, ya zauna a tabarma da limamai da ungozomomi da shugabannin mata, ya faɗa musu abin da ya jiyo da harshen da suke ji. Mu kuma kafin nan, gwaji kyauta ne, minti ashirin ya isa. Mai gida ya fara da kansa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira.